Kututture Bai Mutu Ba

 

An ce mu yi magana yau a kan dogara ga Allah cikin wahala. Da aka ɗora mana wannan, sai muka ji nauyi ƙwarai, gama a cikin taron nan akwai waɗanda suka sha wuya saboda Sunan nan tun ba a haife mu ba. Akwai wanda aka hana shi gādon ubansa ran da ya karɓi baftisma. Akwai wadda aka raba ta da 'ya'yanta. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Saboda haka ba mu tashi domin mu koya muku haƙuri ba. Za mu tuna muku da abin da kuka riga kuka sani ne kawai, domin yaran da ke zaune a gaba su ji, su riƙe.

Bari mu fara da sunan bikin nan. Mun saba cewa Jubili, muna nufin tuwo da nama da sabon ɗinki. Amma in kun buɗe Littafin Firistoci sura 25, za ku tarar abin ya fi haka nauyi. Allah ya umarci Isra'ilawa su ƙidaya shekara bakwai sau bakwai, wato 49, ta 50 kuwa a busa ƙaho cikin dukan ƙasar. A shekarar nan bawa ya koma gidansu, gonar da aka sayar saboda talauci ta koma hannun mai ita. Har wa yau ba a shuka, ba a girbi. To, ku manoma ne, ku duba. Ruwan shuka ya sauka da dare, gari ya waye ƙasa tana ƙamshi, iri yana cikin rumbu, aka ce kada ka fita. Wace zuciya za ta kwanta? Ubangiji ya san za su tambaya me za su ci, ya kuwa amsa tun ba su tambaya ba, ya yi alkawari zai sa albarka a shekara ta shida har amfaninta ya ishe su shekara uku. Ashe tun asali Jubili gwajin bangaskiya ne. Mutum ya janye hannunsa daga gona, ya ga ko Allah zai cika maganarsa.

Wannan aiki da mu ke murnarsa, da kabari ya fara. Ran 4 ga Disamba 1893 samari uku suka sauka Ikko, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suna so su kawo bishara ƙasashen nan namu da a ke kira Sudan a zamanin. Babu wata ƙungiya da ta ɗauki nauyinsu. Waɗanda suka riga su zuwa bakin teku suka ce musu abin ba shi yiwuwa. Kafin shekarar 1894 ta ƙare, Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham, wanda zazzaɓi ya tsare shi a Ikko, ya koma Kanada shi kaɗai, ba shi da ko mutum ɗaya da zai nuna ya ce ga wanda ya tuba. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake kā da shi, aka mai da shi gida. Sai a 1902 waɗansu mutum huɗu suka kafa zango na fari a Patigi, a bakin Kwara. Daga nan aiki ya yi ta tafiya sannu sannu, har ya kai Damagaram a 1924, bayan 'yan shekaru Tsibiri, sa'an nan Maradi. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi.

Mu kan ba da labarin nan da sauri, kamar kowane abu yana bin ɗan'uwansa a jere. Amma ku tsaya wurin uwar Gowans. Ita ce ta zaunar da Bingham a gidanta a Toronto, ta yi ta ba shi labarin ƙasashenmu har zuciyarsa ta kama. Ita ce kuma Bingham ya komo wurinta da 'yan kayan ɗanta. A ranar nan babu Galmi, babu Tsibiri, babu ku. Abin da ke gabanta ɗan da ya mutu ne a ƙasar da ba za ta taɓa gani ba. Mu Hausawa mu kan ce bayan wuya sai daɗi. Gaskiya ne, amma ba kullum ne wanda ya sha wuyar shi ke ganin daɗin da idonsa ba. Gowans bai gani ba. Bingham kansa ya rubuta tarihin aikin, ya sa masa sunan shekarun nan bakwai bakwai da Jubili, amma ya rasu a Disamba 1942, shekara ɗaya kafin Jubilin ya cika.

Haka ya faru da Yusufu ɗan Yakubu. Kun san labarin tun kuna makarantar Lahadi, amma ku yi lissafin shekarun. Yana da shekara 17 sa'anda 'yan'uwansa suka jefa shi rijiya, suka sayar da shi ga fatake a bakin azurfa 20. Yana da shekara 30 sa'anda ya tsaya gaban Fir'auna. Shekara 13 ke nan na bauta da kurkuku, kurkukun ma saboda ya ƙi yin zunubi ne. Mai shayarwar sarki da ya roƙa ya tuna da shi, ya manta da shi shekara biyu cur. Bayan wannan aka yi shekara bakwai na ƙoshi, aka shiga shekara ta biyu ta yunwa kafin ya bayyana kansa ga 'yan'uwansa. Ku haɗa, shekara 22. Dukan lokacin nan Yakubu yana gida yana makoki a kan riga mai jini, babu mala'ikan da aka aiko ya gaya masa ɗansa yana da rai.

Abin da mu ke so ku lura da shi yana cikin Farawa sura 50. Sa'anda Yusufu ya yi wa 'yan'uwansa magana bayan mutuwar ubansu, bai wanke su ba. Bai ce abin da suka yi daidai ne tun da ya zama alheri a ƙarshe ba. Ya kira muguntarsu mugunta. Amma ya ga akwai wani hannu da ya fi nasu tsawo, wanda ya bi ta cikin muguntar nan ya ceci rayuka masu yawa, har da ran waɗanda suka sayar da shi. Abu biyu ne, kada mu gauraya su. Yunwa ba alheri ba ce. Kuturta ba alheri ba ce. Wanda ya kore ka daga gidan ubanka bai yi maka alheri ba. Allah ne mai alheri, shi ne kuwa ya iya fitar da abinci daga wurin da babu wanda zai nema.

Yanzu bari mu zo gida, mu yi maganar abin da idonmu ya gani.

Kakanninmu sun ba da labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. Iyayenmu sun ga farin 1973 da 1974, sa'anda shanun Fulani da raƙuman Buzaye suka zube a daji, masu su suka shigo gari suna bara. Mu kuwa muna 'yan yara sa'anda ta 1984 ta zo. Damina ta ƙi, hatsi ya bushe tun bai yi kai ba. A shekarar nan kuma aka rufe iyakar Nijeriya, inda mutanenmu suka saba zuwa cin rani su samo abin sayen hatsi. Abin da mu ke tunawa ba mai yawa ba ne, amma ba ya fita daga zuciya. Muna tuna uwayenmu sun tafi daji tun asuba neman anza. Ku yara ba ku san ta ba, Allah kuwa ya sa kada ku san ta don dole. 'Ya'yanta suna da ɗaci da ba ya ciyuwa, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ana sake wani, kafin a dafa. Muna tuna ganyen jiga da tafasa babu ko gishiri. Muna tuna mata suna tona gidan tururuwa domin su ƙwace 'yan tsabar da ta tara. Maza da yawa sun tafi, waɗansu ba su komo ba.

Ƙasar ma a lokacin ta zama fili fetal. An sassabe itatuwa domin gyaɗa da hatsi, an sare saura domin itacen girki. Manomin kirki a wancan zamani shi ne wanda gonarsa ta ke tas, babu ko tsiro. Iska kuwa in ta taso ba abin da zai tare ta, sai ta kwashi rairayi ta binne shuka, ko ta yanke ta tun tana ƙarama. Mutum ya kan yi shuka sau biyu, sau uku a damina ɗaya. Mata su kan yi tafiyar rabin yini neman itace, in ba su samu ba su ƙona kara da kashin shanu, wanda ya kamata ya koma gona ya zama taki.

Akwai wani ma'aikacin mishan a Maradi, mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya zo ƙasar nan a 1981. Aikinsa dasa itatuwa. Ya yi renon su, ya kai ƙauyuka, aka dasa, aka yi ban ruwa, amma mafi yawansu suka mutu. Rana ta ƙone waɗansu, awaki da gara suka cinye saura. Shi da kansa ya shaida ya kusa fid da zuciya. Wata rana a 1983 yana kan hanyar ƙauye da kayan dashe, ya tsaya domin ya rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi. Ya dubi gabas da yamma, ba itace. Ya yi addu'a, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Sai hankalinsa ya kai kan wani ɗan tsiro a gefen hanya, irin wanda kowa ke wucewa yana cewa ciyawar daji ce. Da ya duƙa ya dubi ganyen, ya ga ashe itace ne da aka sare, kututturensa yana nan da rai, saiwarsa tana can ƙasa inda laima ta ke. Kowace shekara ya kan yi toho, kowace shekara kuma a kan bi shi da gatari kafin shuka, a tara a ƙone. Irinsa kuwa ba su ƙidayuwa cikin gonakinmu: sabara, kalgo, geza, magarya, aduwa, gawo. Daji guda yana kwance ƙarƙashin ƙafafunmu, muna bisa kansa muna kuka babu itace.

Aikin ba wuya gare shi ba. Ka zaɓi kututture, ka bar masa rassa uku ko huɗu ko biyar waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa, ka yanke saura. Ka share ƙananan rassa na gefe har wajen rabin tsawo, da wuƙa mai kaifi, kana yanka daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawon ya tsage. Sa'an nan ka tsare shi daga dabbobi da masu sata. Tun da shi ke saiwar tsohuwa ce, ta riga ta yi zurfi, dukan ƙarfinta sai ya hau cikin 'yan rassan nan, itacen ya yi girman da na dashe ba zai yi ba. Wannan shi ne abin da muka sani da sunan sassaben zamani.

Kuna tsammani mutane sun karɓa da murna? Ko kaɗan. 'Yan manoman da suka fara, dariya aka yi musu, aka ce ragwaye ne masu ƙazamar gona. Waɗansu an bi dare an sare musu itatuwan. Mutane suna tsoron inuwa za ta hana hatsi, tsuntsaye kuma za su sami wurin sauka. Ga shi kuma a dokar lokacin itace ba na mai gona ba ne, don me mutum zai yi wahalar renon abin da ba nasa ba?

To, ga inda mu ke so ku kasa kunne. Abin da ya buɗe ƙofar, yunwar 1984 ce. Sa'anda mishan ya shiga rabon abinci a ƙauyukan Maradi, aka haɗa shi da aiki: mai karɓar hatsi ya bar itatuwa su tashi a gonarsa. Mutane suka yarda, ba domin sun gaskata ba, domin ciki ne. Da yunwa ta wuce, da yawa suka koma suka sare nasu. Amma waɗansu suka bari, gama sun ga abin da ba su zata ba. Shukarsu ba ta binne ba. Ganye ya zuba ya zama taki. Dabbobi sun sami abin ci da rani, sun kwanta a inuwa sun bar kashinsu a gonar. Mace ta sami itace a bayan gida, har da na sayarwa. Maƙwabci ya gani, ya yi shiru, baɗi ya bar nasa. Gani ya kori ji. Bayan shekara 20 da 'yan kai, masu bincike suka gwada hotunan da aka ɗauka daga sama, na dā da na sabo, suka ƙiyasta itatuwa sun komo a kan hekta wajen miliyan 5 a ƙasar Nijar, itace kusan miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo babbar lambar girma a ƙasar Suwidin saboda wannan aiki, yau kuwa ana koyar da shi a ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya.

Kada mu yi fahariyar da ba tamu ba. Kakanninmu sun san barin gawo a gona tun kafin wani Bature ya zo, a wajen Magarya da Matamai da Mirya ma manoma da kansu suka cika gonakinsu da shi. Mafi yawan hannuwan da suka yi aikin nan na maƙwabtanmu Musulmi ne, Allah kuwa ya aiko da ruwansa a kan gonarsu da tamu daidai. Kuma kada wani ya fita daga nan ya ce mai bishara ya ce yunwar 1984 abu mai kyau ce. Mun binne yara a shekarar nan. Itace miliyan 200 ba su biya uwa ɗaya ɗanta ba. Abin da mu ke faɗi shi ne, a cikin shekarar da muka ce Allah ya juya mana baya, a cikinta ne ya ke shirya inuwar da jikokinmu ke zama ƙarƙashinta yau.

Ayuba ma ya san kututture. A sura 14 ya yi maganar itacen da aka sare, yadda ya kan sake toho in ya ji laima, ko da saiwarsa ta tsufa. Amma ku karanta da kyau, da baƙin ciki ya faɗe ta. Yana cewa ne itace ya fi mutum sa'a, gama itace ya kan komo, mutum kuwa in ya kwanta shi ke nan. Har ya yi tambaya ko matacce zai sake rayuwa. Ayuba bai sami cikakkiyar amsa a zamaninsa ba. Mu muka same ta, a bakin kabarin da aka tarar babu kowa ciki ran Lahadi da sassafe. Babu muguntar da ta kai ta ranar Jumma'ar nan, sa'anda aka kashe Mai Adalci a kan itace, babu kuma alherin da ya kai wanda ya fito daga cikinta. Dogararmu a nan ta ke tsaye. Ba a kan cewa baɗi za a yi damina mai kyau ba, gama mai yiwuwa ne ba za a yi ba.

Mu da ke yawon bishara ƙauye ƙauye, akwai tambayar da mu kan sha. Mutum ya kan ja mu gefe bayan sujada ya ce, Malam, tun da na bi hanyar nan matata ta tafi, 'yan'uwana ba su ci da ni, ga ɗana ba lafiya. In hanyar gaskiya ce, don me? Dā muna sabon fitowa daga makaranta, mu kan yi sauri mu buɗe masa Romawa sura 8, mu karanta, mu rufe, mu hau keke. Ayar gaskiya ce, ba mu janye ko harafi ɗaya ba. Amma mun koyi cewa akwai ranar karanta ta, akwai kuma ranar da za ka zauna a tabarma kawai ka yi shiru tare da mutum. Abokan Ayuba sun yi kyau kwana bakwai da suka zauna ba su ce kome ba. Da suka buɗe baki ne suka ɓata. In ɗan'uwa ya rasa gida saboda Kristi, ikilisiya ce gidansa. Alherin da Allah zai fitar daga wahalarsa, sau da yawa ta cikin rumbunka da tukunyar matarka zai bi. Kada ka ce masa ya dogara ga Allah alhali kana da dami 40 a ɗaure, shi ba shi da ko tiya ɗaya.

Ku tuna da Danja. An buɗe ta a 1956 domin kutare, mutanen da danginsu ke gina musu bukka a bayan gari. Wa zai ce wani abin kirki zai fito daga can? Amma a cikin waɗanda suka je neman magani akwai waɗanda suka koyi karatu a wurin, suka ji bishara, suka koma da ita garuruwan da babu mai bishara da ya taɓa shiga. Yau kuturta tana warkewa sarai da magani, kyauta kuwa a ke ba da shi. A 2012 aka buɗe wurin aikin yoyon fitsari a Danja ɗin nan, domin mata waɗanda su ma aka saba warewa.

Akwai kuma rauni wanda bai daɗe ba. Ran 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, inda aikin nan ya fara, da kashegari a Yamai, aka ƙone ɗakunan sujada, a Yamai kaɗai 45 bisa ga lissafin hukuma, mutum 10 kuma suka rasa ransu a biranen biyu. Waɗansunku suna can. Ba za mu yi gaggawar gaya muku ga amfanin da ya fito daga wutar nan ba. Yusufu ma sai da ya yi shekara 22. Amma abu biyu mun gani. Mun ga maƙwabta Musulmi da suka ɓoye masu bi a cikin ɗakunansu har ƙura ta lafa. Mun kuma ga masu bi sun taru cikin toka ran Lahadi, suka yi sujada, suka furta gafara a fili ga waɗanda suka sa wutar. Mutanen gari sun ji, ba su kuwa manta ba.

In an tashi daga nan, kafin a zauna cin abinci, muna roƙon iyaye su kama hannun 'ya'yansu su bi da su ta gonar da ke bayan ɗakin sujada. Ku nuna musu gawo, ku gaya musu yadda ya kan zubar da ganyensa da damina sa'anda kowane itace ke kore, har baƙo ya ce ya mutu, sa'an nan ya yi ganye da rani lokacin da dabba ba ta da abin ci. Akwai kututturan kalgo da sabara a gefen gabas da ba a gyara ba tukuna, mun bar su da gangan. Dattawan da suka ga 1984 za su tsaya a wurin da wuƙaƙe, kowane yaro a nuna masa reshen da zai bari da wanda zai yanke.

Bari mu sunkuyar da kai, mu yi addu'a.